Musa Ɗanƙwairo Maradun: Mutumin da Muryarsa ta Raɗa Masa Suna

A hutun zangon karatu da ya wuce na koma gida Danchadi da wani abu a waya wanda nake ji da shi. Waƙa ce ta minti uku da ɗoriya, wadda ni da abokina muka ɗauka a wani ɗan situdiyo a cikin garin Sakkwato, da kuɗin da ya kamata in buga takardun firojet ɗina da su. Gambarar zamani ce, wato hip-hop, da ɗan amshi na rerawa a tsakiya. Da yake ni ba gwanin rerawa ba ne, mai haɗa sautin ya lafta mani Auto-Tune iya wuya. A hostal an yaba, wasu har sun ɗora a sitatus.

Bayan sallar isha'i kakana yana zaune a kan buzunsa a zaure, sai na kunna masa. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambaye ni wace yarinya ce ke waƙar, kuma ɗiyar wane gida ce. Na ce ai ni ne. Tsohon ya daɗe yana kallona, daga baya ya ce shi dai ya san muryata tun ranar da aka yanke mani cibi, kuma wannan ba ita ba ce. Wallahi abin ya yi mani ciwo. Bai ƙara cewa komai ba, sai ya jawo 'yar rediyonsa mai cin memori ya danna. Kotso ya tashi, wata siririyar murya ta biyo baya, wasu muryoyin suka cafe. Musa Ɗanƙwairo ne.

Na sha jin Ɗanƙwairo a motar haya da wurin naɗin sarauta, amma ban taɓa zama na saurare shi ba sai daren nan. Tun da na dawo makaranta nake bin tarihinsa, kuma na ga ya kamata in kawo shi a wannan mujalla, domin gardamar da muke yi kullum a hostal, ta cewa wane na'ura ce ke yi masa waƙa, wane kuma ya sauya salo ya yaudari masoyansa, duk akwai ta a cikin rayuwar wannan bawan Allah.

Ɗan gado

An haifi Musa a wajen shekarar 1909 a ƙasar Bakura, shekara shida ke nan bayan Turawa sun ci Sakkwato. Mahaifinsa Usman Ɗankwanda makaɗi ne, kakansa ma makaɗi ne. Gidan nasu ya zauna a ƙarƙashin Sarkin Kayan Maradun, shi ya sa har gobe ake cewa Ɗanƙwairo Maradun. A wancan lokaci Bakura da Maradun duk Lardin Sakkwato ne, kuma har ya bar duniya suna cikin Jihar Sakkwato, tunda sai a 1996 aka yanki Jihar Zamfara. Saboda haka mu ma nan muna da haƙƙin mu ce namu ne.

Tun yana ɗan shekara shida zuwa bakwai ya fara bin mahaifinsa wurin kiɗa. Yaro a irin wannan gida ba a zaunar da shi a ce yau za a koya masa waƙa. Yakan riƙe kaya, ya tsaya a bayan manya, ya riƙa jefa muryarsa cikin amshi har kunnensa ya saba. In ya kauce, harara ce ko ranƙwashi ke mayar da shi kan hanya.

A nan ne ya samo sunan da ya binne sunansa na yanka. Cikin mutanen mahaifinsa akwai wani mai suna Ƙwairo, wanda aka sani da zaƙin murya. Da yaron ya fara buɗe baki a cikin amshi, sai aka ji muryarsa ta ɗauko ta Ƙwairo, siririya mai zaƙi, aka riƙa ce masa Ɗanƙwairo. Wannan ya tsaya mani a rai. Shi tun yana ƙarami aka gane shi da murya har ta zame masa suna. Ni kuwa na biya kuɗi aka mayar da tawa yadda kakana ma bai gane ta ba.

Bayan rasuwar mahaifinsu, ragamar ƙungiyar ta koma hannun wansa Kurna, shi kuma Musa ya zama Daudun kiɗa, wato mataimaki kuma mai jiran gado. Ya yi shekaru a wannan matsayi kafin ya tsaya da ƙafarsa. Mu da muke son waƙarmu ta farko ta zagaye TikTok cikin mako guda, ya kamata mu lura da wannan: mutumin da ake kira gwani yau ya daɗe yana tsaye a bayan wani yana amshi.

Daga gona zuwa fada

Gidan su Ɗanƙwairo sun yi kiɗan noma. Duk wanda ya tashi a ƙauye irin namu ya san gayya, ko da a bakin tsofaffi ya ji ta: a tara samari majiya ƙarfi a gonar mutum ɗaya, kowa ya kama kuyyarsa, makaɗa suna biye da su suna zuga su. A wasa wanda ya yi gaba, a yi wa rago zambo har ya ji kunya ya ƙara himma. Babu lasifika, babu inuwa. Murya ce kawai za ta ratsa ƙarar ganga da ƙura da iska ta isa kunnen wanda ke can ƙarshen gona. Irin wannan fili siririyar murya mai kaifi yake so, kuma ita Allah ya ba Musa.

Waƙar fada kuwa wata duniya ce daban. Kayan kiɗansu a nan kotso ne, ganga mai baki ɗaya wadda ake ratayawa a kafaɗa a buga da hannu, ana matsa tsarkiyarta sautin ya hau ko ya sauka. Tafiyar waƙar ba ta gaggawa. Dole mawaƙi ya san asalin ubangidansa, wa ya haifi wa, wa ya yi sarauta kafin wa, wane gari aka ci da yaƙi. Dole ya iya kirari, ya iya habaici ga 'yan uwan sarki masu haƙon gadon sarautar ba tare da ya kama suna ba, ya kuma iya roƙon doki ko riga ta hanyar da mai bayarwa zai ji daɗin bayarwa. Kuskuren kalma ɗaya a gaban sarki yana iya jawo wa mawaƙi kora.

Kuma filin ba fanko ba ne. A zamanin akwai Ibrahim Narambaɗa a fadar Sarkin Gobir na Isa, akwai Salihu Jankiɗi a fadar Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, ga Aliyu Ɗandawo, ga Sa'idu Faru yana tasowa. Duk wanda zai yi suna a tsakanin waɗannan sai ya zo da abin da ba a saba ji ba. Wannan shi ne sauyin salo na farko a rayuwar Musa: ya ɗauko kaifin murya da zugar gona ya shigo da su cikin natsuwar fada.

Kaduna da rediyo

Sauyi na biyu ya zo da siyasar Jamhuriya ta Farko. Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ya zama Firimiyan Jihar Arewa a 1954, kuma shi jinin sarauta ne, daga zuriyar Shehu Usmanu. Shi da Musa kusan sa'o'in juna ne. Ɗanƙwairo ya zama mawaƙinsa, ya yi masa waƙoƙi da dama, kuma waƙar Sardauna ce ta fitar da sunansa daga ƙasar Maradun ta kai shi ko'ina a Arewa.

Abin da ya taimaka shi ne na'ura. A 1962 aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Arewa a Kaduna. Waƙar da a da sai wanda ya je ƙofar fada ranar salla zai ji ta, yanzu ga ta a akwatin rediyo a rumfar mai shayi a Bodinga, a Yabo, a Shagari, har ƙetaren iyaka a Maraɗi da Ƙonni. Ubangidan nasa ma ya wuce basaraken gari guda, shugaban jam'iyyar NPC ne mai mulkin yanki sukutum. Saboda haka abin da waƙar ke ɗauke da shi ya faɗaɗa: ga nasaba da kirari irin na fada, ga kuma zancen mulki da abokan hamayya.

Na tambayi kakana yadda mutane suka karɓi wannan. Shi lokacin yana saurayi, kuma ya taɓa ganin Ɗanƙwairo ido da ido sau ɗaya, a wata tafiyar fatauci da ya yi wajen Talatar Mafara. Ya ce a majalisar mahaifinsa ba a taɓa haɗuwa a kan magana ɗaya ba. Wasu dattawan suna ganin muryar da ke fitowa daga akwati ba ta kai wadda ake ji a fili ba, wai ƙarfe ya tsotse mata ruwa. Wasu suna ganin mawaƙin sarki bai kamata ya shiga rigimar jam'iyya ba. Akwai wani maƙwabcinsu mai ra'ayin NEPU wanda in an sako waƙar Sardauna yakan tashi ya kaɗe rigarsa ya bar wurin, amma in ya je gona shi kaɗai sai a ji yana yin amshin a hankali. Samari kuwa, irin su kakana, ba ruwansu, sun haddace ta tas.

Da ya gama ba ni labarin sai na yi dariya a raina. Ashe shi ma an taɓa yi masa kallon yaron zamani mai sauraron muryar ƙarfe.

Yadda ake gina waƙar

A nan nake so mu ɗan daɗe, domin nan ne gwanintar mutumin take. Ku samu iyafis ku saurari kowace waƙarsa, musamman wadda ya yi wa 'Yandoton Tsafe ko ta Sarkin Daura Muhammadu Bashar. Kada ku bi ma'ana tukuna, ku bi muryoyin kawai.

Abu na farko da za ku lura shi ne, Ɗanƙwairo ba ya cika ƙarasa ɗan waƙa shi kaɗai. Yakan jefa farkon magana, kafin ya rufe baki 'yan amshi sun cafe sun ƙarasa, sau da yawa su yi ƙari a kai, sannan su gangaro da ita kan gindin waƙar. Kafin su sauka shi ya riga ya ɗauko wani ɗan. Muryarsa tana sama, siririya, tasu tana ƙasa da kauri, ga kotso yana bin hawa da saukar maganar. Babu wurin da aka bari fanko. In numfashinsa ya ƙare, akwai wanda ya riƙe masa. In ya ja wata gaɓa ta yi tsawo, sun san inda za su tare shi.

Wannan ba ya yiwuwa da ka. Mawaƙan fada irinsa sukan zauna da mutanensu a gida su tsara waƙa, su yi ta bita har kowa ya san inda zai shiga da inda zai fita. Nan suka bambanta da Mamman Shata, wanda aka sani da ƙirƙirar waƙa nan take, 'yan amshinsa suna maimaita gindi guda shi kuma yana zuba ɗiya. Har yau in an haɗu a majalisa akan yi gardamar wa ya fi tsakanin su biyun, kuma ba a taɓa gamawa. Masoyan Shata su ce nasu ba ya buƙatar shiri. Masoyan Ɗanƙwairo su ce nasu gini yake yi, tubali bisa tubali.

Sai kuma harshe. Ɗanƙwairo bai sauya bakinsa don ya shiga rediyon Kaduna ba. Da Hausarmu ta yamma ya yi waƙa, ta su munka da sunka da wanga. Mu da muke zuwa makaranta mu riƙa ɓoye Sakkwatancinmu don kada 'yan Kano da Kaduna su yi mana dariya, mu tuna cewa da wannan bakin aka yi waƙar da jikokin masu dariyar suke bi baki da baki a wurin biki, ko ba su san fassarar rabin kalmomin ba.

Bayan Sardauna

Ranar 15 ga Janairu 1966 sojoji suka kashe Sardauna a gidansa a Kaduna. Mawaƙin da ya rasa ubangida kamar maraya yake, kuma Musa a lokacin ya doshi shekara sittin. Ƙasar ma ta juya. A 1967 aka raba Jihar Arewa zuwa jihohi shida. Cikin 'yan shekaru aka karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e, sannan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙara rage ikon sarakuna. Fadar da ke ciyar da makaɗi ta ba shi doki da hatsi ba ta da ƙarfin da take da shi a da. Kuɗi sun koma hannun 'yan kasuwa da 'yan kwangila da manyan ma'aikata.

Wani da ya naɗe kotsonsa ya koma gona. Ɗanƙwairo sai ya sake faɗaɗa fili. Ya yi wa sarakuna na masarautu daban-daban waƙa, daga Tsafe zuwa Daura zuwa Kano ta Ado Bayero, ya kuma yi wa masu riƙe da sarautu da attajirai. Wannan ne sauyi na uku. A daidai lokacin kuma kaset ya shigo, waƙa ta zama abin da direban mota zai saya a tasha ya yi ta juyawa har zaren ya tsinke. Yawancin waƙoƙinsa da muke ji yau a memori daga irin waɗannan kaset-kaset da ma'ajiyar gidajen rediyo aka kwafo su, shi ya sa za ka ji shuu a bayan sautin.

Ko a nan ma masu saurare ba su haɗu ba. Kakana yana cikin masu ganin waƙoƙin zamanin Sardauna su ne Ɗanƙwairo na ainihi, na baya kuwa neman abinci ne. Mahaifina, wanda ya tashi da kaset, ya fi son na bayan, ya ce a nan ne ƙungiyar ta nuna, amshin ya zauna daram. Uba da ɗa, mawaƙi guda, kowa ya riƙe Ɗanƙwairon da ya tarar lokacin da yake saurayi. Na gane cewa sau da yawa in mutum ya ce mawaƙi ya lalace, ƙuruciyarsa ce yake nema a cikin sabuwar waƙar bai samu ba.

Ita kuma na'urar fa?

Bari in dawo kan abin da ya haɗa ni da kakana. Auto-Tune manhaja ce da wani injiniya Ba'amurke, Andy Hildebrand, ya fitar a 1997 ta kamfanin Antares. Kafin nan aikinsa shi ne nazarin amon da ake turawa ƙarƙashin ƙasa don neman man fetur. Yadda take aiki ba wuya: tana auna kaifin muryar mai waƙa a kowane ɗan lokaci, in ta ga ya kauce daga matakin sautin da aka zaɓa sai ta jawo shi zuwa mataki mafi kusa. In an sa ta ja a hankali, ba mai gane an taɓa muryar. In an sa ta ja nan take, sai muryar ta riƙa tsalle daga mataki zuwa mataki, ta koma kamar ta mutum-mutumi. An yi ta ne don ɓoye kuskure, amma a 1998 waƙar Believe ta Cher ta fito da wannan tsallen fili, ya zama ado.

A hip-hop, T-Pain ne ya mayar da ita tambarinsa tun daga 2005. A ƙarshen 2008 Kanye West, shekara guda bayan rasuwar mahaifiyarsa, ya fitar da kundin 808s & Heartbreak, inda ya ajiye gambarar da aka san shi da ita ya koma rerawa ta cikin na'ura. Masoyansa suka rabu biyu: wasu suka ce ya watsar da su, wasu suka ce ba su taɓa jin baƙin ciki ya fito haka ba. A 2009 Jay-Z ya yi waƙa sukutum yana shelar mutuwar Auto-Tune. Ba ta mutu ba. Kundin da aka yi wa tsiya ya zama abin koyi ga mawaƙan da suka biyo baya. Mu ma nan, tun da fiyano da kwamfuta suka shiga situdiyoyin Kano, waƙoƙin fim da na soyayya da na siyasa da gambarar zamani duk sun rungumi gyaran murya, har waƙar sarauta yanzu a situdiyo ake yin da yawa daga cikinta.

Wani abokina da ke sashen kwamfuta ya ce mu gwada wani abu. Muka ɗauki waƙar Ɗanƙwairo guda muka zura ta cikin manhajar. Abin da ya fito ba ya sauraruwa, sai rawar murya da ƙugi kamar rediyon da batirinsa ya yi sanyi. Dalili biyu ne. Na farko, an gina manhajar ne don ta bi murya ɗaya tilo, a nan kuwa ta tarar da muryoyi da yawa a saƙe da juna ga kotso a ciki, ta rasa wadda za ta kama. Na biyu, Hausa harshe ne mai karin sauti. Hawa da saukar murya ne ke raba kuka na hawaye da kuka ta miya. Ɗanƙwairo yana zamewa ne a tsakanin matakan sauti yadda maganar take so, manhajar kuwa tana yanka wannan zamiya ta mayar da ita matakala.

A wurin ne na fahimci abin da ya faru a zaure. Shi ma Ɗanƙwairo ana tallafar muryarsa, ana cike masa giɓi, ana rufe masa inda numfashi ya gaza. Amma masu yi masa wannan mutane ne, 'yan uwansa da 'ya'yansa da yaransa, waɗanda suka yi shekaru suna sauraronsa har suka san inda zai faɗi kafin ya faɗi. Gyaran nasu yana ƙara fito da shi. Nawa gyaran, da yake ba ni da abin da za a tallafa, shafe ni ya yi gaba ɗaya.

Tsufa da rasuwa

Ɗanƙwairo ya yi tsawon rai, ya haura shekara tamanin, kuma bai ajiye waƙa da wuri ba. In kun kalli hotunan bidiyonsa na ƙarshe-ƙarshe za ku ga dattijo cikin babbar riga da rawani, mutanensa sun kewaye shi. Muryar ta yi laushi, ba ta hawa inda take hawa a da. Yakan jefa 'yan kalmomi kaɗan, sauran aikin 'yan amshi su ɗauke. Duk da haka daga jin kalmar farko ka san ko wane ne. Ba wanda ya ɓoye tsufan, kuma ba wanda ya ji kunyarsa. Tsarin da ya gina tun yana da ƙarfi shi ya riƙe shi da ƙarfin ya tafi.

Ya rasu a 1991. 'Ya'yansa da jikokinsa sun ci gaba da kiɗan gidan. Malaman jami'a, irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, sun yi rubutu a kan rayuwarsa da waƙoƙinsa, kuma ɗaliban Hausa suna ta nazarinsa a kundayen digiri. Yau fiye da shekara talatin da rasuwarsa, da wuya a yi naɗin sarauta ko hawan salla a ƙasar Hausa ba a ji muryarsa ta fito daga wata lasifika ba. Auto-Tune ta zo duniya shekara shida bayan ya bar ta, bai taɓa jin labarinta ba.

Abin da na yi da tawa waƙar

Ban goge ta ba, kuma ba zan ce ku daina amfani da Auto-Tune ba. Kayan aiki ce, kamar yadda makirufo da kaset suka kasance kayan aiki a zamaninsa, kuma bai guje su ba. Mutumin da ya tashi daga gona ya shiga fada, ya shiga rediyo, ya shiga kaset, ba shi ne za a kafa hujja da shi a ce kada a sauya ba. Abin da bai taɓa bari ba shi ne muryarsa da bakin garinsu da kuma wahalar bita.

Da na dawo makaranta na tara abokan ɗakina uku. Muka yi mako biyu muna bita bayan lacca a bayan hostal, ina jefawa suna cafewa, har masu wucewa suka fara yi mana dariya. Na mayar da kalmomin da na canza don su yi kama da na 'yan birni zuwa yadda muke faɗinsu a gida. Muka koma situdiyo, na roƙi mai haɗa sautin ya rage gyaran ya bar kaɗan. Ya ce za a ji inda na kauce. Na ce a ji.

Na tura wa ƙanena ta WhatsApp ya kunna wa tsohon. Saƙon da ya dawo shi ne, wannan karon ya gane jikansa, kuma yaran da ke amshi sun yi ƙoƙari. Amma wai har yanzu bai ji abin da nake son faɗa ba, maganar ba ta da nauyi, in je in ƙara sauraron manya. Na karɓa. A hostal kuwa an rabu biyu, wasu sun ce ta farkon ta fi daɗi, na lalata abu mai kyau.

'Yan uwana ɗalibai, musamman masu shiga situdiyo, kafin mu kammala mu watse ina ba ku shawara ɗaya. Ku nemi waƙar Ɗanƙwairo guda, ku saurare ta sau uku: sau ɗaya don muryarsa, sau ɗaya don 'yan amshi, sau ɗaya don maganar. Bayan nan ku kunna taku. In akwai tsoho a gidanku, ku kai masa ya ji, ku ga ko zai gane ku.

Allah ya jiƙan Alhaji Musa Ɗanƙwairo, ya gafarta masa kurakuransa, ya ba mu sa'ar jarabawar da ke gabanmu. Amin.